Sabon gida a estet: me zan duba kafin in ba da kafin alƙalami?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ɗan kasuwa ne, ina sayar da kayan gyaran mota a Abossey Okai, nan Accra. Shekarata 11 ina haya a Madina Zango da iyalina, kuma duk bayan shekara biyu mai gida sai ya ƙara kuɗi, ya ce a biya na shekara biyu a dunƙule. Wallahi na gaji. Akwai wani kamfani da ke gina gidaje a wajen Oyibi, sun kai ni na ga na gwaji, ɗaki uku da falo, dala 75,000. Sun ce in ba da kashi 30 cikin 100 yanzu, sauran in biya cikin wata 18 su ba ni makulli. Nawa ba a fara ba, fili ne dai aka sa wa lamba. Yayana da ke Jamus zai taimaka da rabin kuɗin. Tunda sabo ne kuma kamfani ne, ina ganin babu rigimar fili, babu gyara. Haka ne? Me ya kamata in duba?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwana. Allah ya sa wa kasuwa albarka, ya saka wa Yaya da alheri. Gajiyar da ka faɗa na san ta, don a gidan haya na tashi a Nima, mu tara a ciki da falo, kuma na ga yadda mahaifinmu yake rasa barci duk lokacin da wa'adin haya ya matso. Saboda haka ba zan hana ka wannan niyya ba. Amma tambayarka ta ƙunshi abu biyu: ko kasancewar gida sabo, a hannun kamfani, ya isa ya raba ka da rigima, sannan me za ka duba kafin kuɗi ya bar hannunka. Amsar ta farko ita ce a'a. Sama da shekara 20 ina duba gine-gine a Accra, wasu lokuta a madadin mai gini, wasu lokuta a madadin mai saye, kuma abin da na koya shi ne sabon fenti ba ya ba da shaidar komai. Abin da kake saye na gaskiya abu biyu ne da ido ba ya gani ranar da aka zagaya da kai: takardar ƙasar da gidan zai zauna a kanta, da abin da aka rufe a ƙarƙashin filasta.

Ba wai gidan estet, wato rukunin gidajen da kamfani ke ginawa ya sayar, ba shi da amfani ba ne. Ƙididdigar da aka fitar bayan ƙidayar 2021 ta nuna Gana na da giɓin gidaje kusan miliyan 1.8, kuma a Nima, Mamobi, Fadama da Sabon Zango babu sauran wurin da za a sa bulo sai dai a hau sama. Dole mutane su fita gefen gari: Oyibi, Oyarifa, Amasaman, Dawhenya, Prampram, Kasoa. Wanda ya sayi fili da kansa a can yana iya shekara goma yana gini, yana fama da birkila, yana fama da 'yan lan-gad, wato 'yan daban da ake ɗauka su tsare fili, masu zuwa karɓar kuɗin haƙa fandisho. Kamfani nagari yana ɗauke maka wannan wahala, kuma wannan abu ne mai daraja da ya cancanci a biya masa kuɗi. Aikinka shi ne ka tabbatar wanda ke gabanka nagarin ne.

Ƙasar da ke ƙarƙashin gidan

Fara daga nan, kuma kada ka matsa sai ka gama. A Gana kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasa yana hannun sarakunan gargajiya da dangogi ne, sauran na gwamnati. Tsarin mulkin 1992 ya hana a sayar da ƙasar sarauta sayarwa ta har abada, kuma Dokar Filaye ta 2020, wato Act 1036, ta shigar da ƙasar dangi cikin wannan hani. Ma'ana, abin da ake sayar maka haya ce ta dogon zango. Ɗan ƙasa yawanci yana samun har shekara 99 a kan wurin zama, wanda ba ɗan ƙasa ba kuma tsarin mulki ya tsayar da shi a shekara 50 a lokaci guda.

Ga inda mutanenmu da yawa ba su lura ba. Shekara 99 ɗin nan ta fara ƙirguwa ne daga ranar da kamfanin ya karɓi filin daga hannun masu ƙasa, ba daga ranar da ka karɓi makulli ba. Idan sun karɓa a 2005, to aƙalla shekara 20 ta riga ta tafi, abin da ya rage za su miƙa maka. Wasu kamfanonin ma ba sa miƙa maka duk abin da ya rage, sai su yanka maka shekara 50 ko 60 a ƙarƙashin tasu hayar, su ci gaba da zama iyayen gidanka. Ka tambaye su kai tsaye: shekara nawa za a rubuta mini, daga wace rana, kuma me takarda ta ce game da sabuntawa idan wa'adi ya cika? Kai ba za ka ga ranar ba wataƙila, amma jikokinka za su gani, kuma don su kake wannan wahala.

Sai ka nemi kwafin takardun kamfanin a kan filin: indenca, wato takardar yarjejeniyar fili da masu ƙasa suka ba su, taswirar fili da safiyo ya sa wa hannu, da takardar taitil, wato shaidar mallaka, idan sun yi rajista. Kamfanin da ya ce ba ya ba da kwafi sai ka biya kafin alƙalami ya riga ya ba ka amsa, ka yi masa sallama. Da waɗannan takardu lauyanka zai je Hukumar Filaye, wato Lands Commission, ya nemi binciken rajista da kowa ke kira sac. Na ce lauyanka, wanda kai ka ɗauka kai kake biya. Lauyan kamfani mutumin kirki ne wataƙila, amma ba kai yake wa aiki ba. Kuma kada ka yarda da sakamakon binciken da kamfani ya ajiye a fayil yana nuna wa kowa. Sabo za a yi, da sunanka, a wannan watan. Binciken zai nuna sunan wa ke kan filin, ko gwamnati ta taɓa karɓe shi, ko akwai hukuncin kotu, ko an jinginar da shi.

Batun jingina shi ne ya fi ƙona mini rai a cikin abubuwan da na gani. Wata Hajiya daga Fadama, mai sayar da atamfa, ta biya kuɗin gidanta kaf a wani estet da ke hanyar Kasoa. Ta tare, ta yi walima, ta dasa bishiyar mangwaro a tsakar gida. Bayan shekara uku sai ga takarda manne a ƙofar estet ɗin: ashe mai kamfanin ya jinginar da filin gaba ɗaya a wani banki tun kafin ya sa bulon farko, kuma ya kasa biya. Ita abin da ke hannunta rasit ne da wasiƙar ba da gida, babu indenca da sunanta. Na zauna a falonta tana fito mini da rasit ɗaya bayan ɗaya daga cikin jakar leda, kowanne ta naɗe shi da kyau, tana tambayata ko waɗannan ba su isa ba. Ba su isa ba. Shari'ar ta ɗauki shekaru. Kamfani ya ci bashi don ya yi gini ba laifi ba ne, haka sana'ar take. Amma idan akwai jingina, dole a rubuta cewa bankin zai saki fulotinka daga cikinta da zarar ka biya, kuma bankin da kansa ya tabbatar da hakan a takarda.

Bayan lauya, ka ɗauki safiyo mai lasisi, shi ma naka, ya je wurin da na'urarsa ya ɗauki ma'aunin fulotin da aka nuna maka, ya gwada da taswirar da aka ba ka. Yana faruwa a kai bincike da taswira mai tsabta, alhali wurin da aka nuna maka da yatsa yana can gefe, a cikin filin wani dangi ko na gwamnati. Hanyar nan ta Adenta zuwa Dodowa tana da filayen gwamnati da yawa da aka ci iyakarsu. A 2022 an rushe gine-gine da katangu a filin cibiyar binciken dabbobi ta CSIR a Frafraha, kuma da yawa daga masu su suna riƙe da takardun da wani ya sa musu hannu ya karɓi kuɗinsu.

Idan ƙasar dangi ce, a duba cewa shugaban dangin ne ya sa hannu tare da manyan gidan, ba wani ɗa guda da ya tashi da kansa ba. Idan ta sarauta ce, a duba amincewar Hukumar Filaye a kai. Masu karatu na Kumasi, ku naku tsarin ya ɗan bambanta: sarkin yanki yana ba da takardar rabon fili, a kai ta sakatariyar filaye ta Asantehene a Manhyia, sannan a shirya cikakkiyar takardar haya. Takardar rabon nan ita kaɗai matakin farko ce, kada wani ya sayar muku gida a Kenyase ko Abuakwa a kanta ya ce an gama.

Akwai binciken da babu ofishin da zai yi maka. Ka koma wurin ranar da babu ma'aikacin kamfani tare da kai. Ka sayi ruwa a wurin mai kiyos ɗin bakin hanya, ka zauna, ka tambaye ta ko an taɓa faɗa a kan wannan fili. Ka duba katangun maƙwabta ko akwai jan fentin Asambili, wato ƙaramar hukuma, na a dakatar da aiki a kawo famit. Ka ƙwanƙwasa ƙofar waɗanda suka riga suka tare a rukunin farko, ka tambaye su abu uku: an ba ku makulli a kan lokaci, an ba ku takardunku, kuma idan abu ya lalace suna zuwa? Minti goma da mutum ɗaya daga cikinsu ya fi duk ƙasidar talla. Dokar 2020 ta sa ɗaurin shekara 5 zuwa 15 a kan aikin lan-gad, amma idan ka ga samari zaune a ƙarƙashin bishiya da babura suna lura da mai shiga da mai fita, to akwai wanda ke jayayya da wani a kan wannan ƙasa.

Sunan wa za a rubuta

Wannan magana ce ta cikin gida, amma gara a yi ta yanzu da kowa ke raye kuma ana dariya. Rabin da Yaya zai bayar, kyauta ce, rance ne, ko tarayya? Ku zauna ku fayyace, ku rubuta, a sa shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu kunya a ciki. Gidaje da yawa a Zango sun zama kango saboda 'yan'uwa biyu sun yarda da juna, suka rasu, 'ya'yansu kuma ba su san me aka yi ba. Idan za a sa sunan Yaya a takarda, a duba matsayinsa na ɗan ƙasa: in har ya ajiye fasfon Gana lokacin da ya karɓi na Jamus, ƙa'idar shekara 50 za ta iya shafarsa, lauya ya duba wannan kafin a rubuta komai. Haka 'yan'uwanmu 'yan Nijar da Najeriya da ke kasuwanci a nan, su san da wannan iyaka tun kafin ciniki. Ka kuma sani cewa Dokar 2020 ta ce gidan da aka saya a cikin aure ba a sayar da shi ko jinginar da shi sai da rubutaccen izinin abokin zama. Uwargida tana da ta cewa, ka tafi da ita tun yanzu.

Gidan da ba a gina ba tukuna

Abin da aka nuna maka gidan gwaji ne, naka kuwa ciyawa ce da lamba. Sayen gida tun yana kan takarda yana da sauƙin farashi, kuma yana ba ka damar ganin aikin tun daga fandisho, wanda babbar riba ce idan ka yi amfani da ita. Haɗarinsa shi ne kai ne kake ba kamfani jari, babu jingina a hannunka. Ko gwamnati tana makalewa: aikin Saglemi, da aka ciyo bashin dala miliyan 200 don gidaje 5,000, ya tsaya a kan kusan 1,500, suka yi shekaru babu kowa a ciki. Balle ɗan kasuwa da ke jiran kuɗin mai saye na gaba don ya gama gidan mai saye na baya.

Shawarata, wadda nake ba kowa kuma ba na sassautawa a kanta, ita ce biya ya bi aiki, kada ya bi kalanda. Tsarin da suka ba ka ya ce ka biya cikin wata 18 ko sun yi aiki ko ba su yi ba. Ka nemi a juya shi: kaso kaza idan an gama fandisho da daɓen ƙasa, kaso kaza idan gini ya kai linta, kaso kaza idan an rufa kwano, kaso kaza bayan filasta da wayarin da famfo, sannan a bar aƙalla kashi 5 zuwa 10 cikin 100 a hannunka har sai an gyara duk abin da aka lissafa ranar karɓar gida, an kuma miƙa maka takardu. Kashi 30 a kan fili tsirara ya yi yawa a ganina. Za su ce tsarinsu ke nan, ba a canzawa. Kai ɗan kasuwa ne, ka san babu farashin da ba a tayawa, kuma mai dala 75,000 ba ya rasa mai sauraronsa a Accra.

A cikin yarjejeniyar a rubuta ranar miƙa makulli, da abin da kamfani zai biya ka duk wata idan ya makara, tunda kai kana can kana biyan haya. A rubuta yadda za a mayar maka da kuɗinka idan aikin ya tsaya, da cikin kwana nawa. Ka karanta abin da zai faru idan kai ne ka makara da biya, don a nan ake ɓoye wuƙa: wasu takardun suna ba kamfani damar soke ciniki ya riƙe kaso mai tsoka saboda jinkirin wata biyu. Sannan a liƙa jerin kayan aiki a bayan yarjejeniyar, dalla-dalla: faɗin fuloti da ƙafa, girman kowane ɗaki, bulo mai inci nawa, rodi mai milimita nawa, irin kwano da kaurinsa, irin tayil, ƙofofi, tagogi, kabad ɗin kicin, tankin ruwa, katanga da get. Gidan gwaji an ƙawata shi ne don ido, kuma sau da yawa rabin abin da ya burge ka a ciki ƙari ne da ake biya daban. Duk abin da ba a rubuta ba, ka ɗauka babu shi. Fulotin da aka saba a Accra ƙafa 70 ne a 100, amma na estet yakan gaza haka sosai. Idan kana da niyyar ƙara ɗakin baƙi, ko ɗan wurin kiwon rago kafin Layya, ko shago a jikin katanga, ka tambaya yanzu, don estet da yawa suna da dokokin da suka hana.

Sai maganar dala. Kai da sidi kake ciniki a Abossey Okai. A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen sidi 6, kafin ƙarshen Nuwamba ta haura 14. Wanda ake bin sa dala 50,000 ya kwanta da bashin sidi 300,000 ya tashi da na 700,000, bai ƙara ko taga ɗaya a gidan ba. Na san mutanen da suka bar kafin alƙalaminsu a wannan shekara saboda haka. Babban Bankin Gana ya sha nanata cewa dokar musayar kuɗi ta 2006 ta hana sa farashi da dala ba tare da izininsa ba, amma a kasuwar gidaje ana yi. Ka nemi a rubuta farashin da sidi a tsaye. Idan sun ƙi, to a raba: rabin Yaya, tunda da yuro yake samu, ya ɗauki ɓangaren da ke bin dala, naka rabin a tsayar da shi da sidi, kuma a rubuta canjin wane banki za a bi.

Kada ka ba kowa kuɗi a hannu, ko a jakar leda, ko ta lambar wayar wani ma'aikaci. Ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan kamfanin da ke kan yarjejeniya. Dokar dillancin gidaje ta 2020, Act 1047, ta hana dillalai karɓar tsabar kuɗi a cinikin gida, ta kuma wajabta musu lasisi. Ka sa lauya ya duba rajistar kamfanin da sunayen daraktocinsa, ka tambaya ko suna cikin ƙungiyar GREDA ta masu gina gidaje, wadda ke nan tun 1988. Zama ɗan ƙungiya ba garanti ba ne, amma wuri ne da za ka kai kuka.

Ruwa, da abin da ke bayan filasta

Nan ne fagena. Kafin ka dubi gini, dubi inda ruwa zai bi. Duk wanda ya ga daren 3 ga Yuni 2015 a shataletalen Circle, inda ambaliya da gobara suka ci rayuka sama da 150, ya san ruwan Accra ba abin wasa ba ne. Ka je wurin washegarin ruwa mai ƙarfi, a watan Yuni in da hali. Ka ga ko hanyar shiga tana biyuwa, ko akwai kwata da aka gina kuma ina take zubarwa, ko fulotinka ne mafi gangare a layin. Masu duba wajen Weija su tambayi inda ruwa ke kaiwa idan an buɗe dam, masu duba wajen Sakumono su tabbatar ba a cikin fadamar da doka ta kare ake ginin ba, don an yi rusau a can. Ka nemi ganin famit ɗin gini daga Asambili, da lambarsa, kuma bayan an gama a ba ka takardar shaidar cewa gidan ya cancanci zama. Benen kantin da ya rufta a Achimota a Nuwamban 2012 ya kashe mutum 14, kuma a 1939 an yi babbar girgizar ƙasa a Accra. Famit da sa hannun injiniya ba ado ba ne.

Tunda naka ba a fara ba, ka ɗauki injiniya ko ƙwararren mai duba gini ya je sau huɗu ko biyar: ranar zuba fandisho, kafin a zuba kankaren ƙasa, kafin a rufe rodin ginshiƙai da linta, lokacin rufi, da kafin filasta. A sa a yarjejeniya cewa yana da izinin shiga. Abin da za ka biya shi bai kai kuɗin tayil ɗin falo ba.

Bari in faɗa maka abin da nake yi idan na je. Ina ɗaukar bulo ɗaya daga cikin tarin, in kankare gefensa da makullin mota. Bulo mai kyau makulli yana zamewa a kansa ya bar farin layi. Wanda aka yi wa rowar siminti kuwa yashi ne zai zubo maka a tafin hannu kamar garin kwaki. Ina duba ko an shimfiɗa baƙar leda a ƙarƙashin kankaren ƙasa da kan fandisho, don ita ce ke hana danshi hawa bango. Ciwon gidajen Accra ke nan: ka ga gida shekara biyu da tarewa, fenti ya kumbura ya fashe daga ƙasa zuwa gwiwa, farin gishiri ya fito, ɗaki yana warin rima, kayan sawa suna fumfuna a kabad. Ledar da za ta hana wannan kuɗinta kaɗan ne, amma idan an tsallake ta, gyaran sai an fasa. Idan ka ga an liƙa tayil a jikin bangon waje daga ƙasa zuwa ƙugu a rukunin da aka gama, ka tambayi dalili, don sau da yawa danshi ake rufewa.

Ranar karɓar gida kada ka je da 'yan rakiya da murna kawai. Ka je da rana tsaka, da takarda da biro, da cajar waya, da kwabo ɗaya a aljihu. Ka ƙwanƙwasa tayil da kwabon: wanda ya yi ƙara kamar ganga babu siminti a ƙarƙashinsa, zai fashe. Ka zuba bokitin ruwa a kowane banɗaki ka ga ko yana gangarawa rariya ko yana taruwa a lungu. Ka buɗe duk famfuna lokaci guda. Ka gwada kowace soket da cajar. Ka buɗe ka rufe kowace ƙofa da taga. A ɗaga murfin silin a leƙa da tocila, a ga katakon rufi ko an shafa masa maganin gara, a ga ko haske na shigowa ta ramin ƙusa. A nuna maka ramin masai da inda ruwan wanka ke tafiya. Tsagewa siririya kamar gashi a filasta ba abin tsoro ba ce, amma wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, har kwabo yana shiga, wannan maganar fandisho ce, kada ka sa hannu. Duk abin da ka gani a rubuta, wakilin kamfani ya sa hannu, da ranar gyara. Yawancin kamfanoni suna ba da wata 6 zuwa shekara guda na gyaran abin da ya ɓaci. Ka nemi shekara, don gidan ya ga damina cikakkiya a wuyansu.

Wuta da ruwa kuma a fayyace. Mita taka ce ta kamfanin wuta na ECG da sunanka, ko layi ɗaya ne kamfani ke rabawa? Wanda ya yi wayarin yana da shaidar Hukumar Makamashi, tunda sai da takardarsa ake ba da mita? Bututun kamfanin ruwa ya iso, ko rijiyar burtsatse ce, ko tanka za ka riƙa saye? Idan burtsatse ce ka ɗanɗana, don a yankunan da ke kusa da teku ruwan yakan yi gishiri har ya ci famfo.

Kuɗin da ba a faɗa a talla

Dala 75,000 ba ita ce ƙarshe ba. Akwai kuɗin lauya da safiyo da mai duba gini. Akwai harajin hatimi da ake biya kafin a yi rajista, wanda a gida mai wannan daraja kashi 1 ne cikin 100. Akwai kuɗin rajistar taitil da sunanka, kuma ka tambaya ko harajin VAT yana cikin farashin ko a kansa za a ɗora. Bayan ka tare akwai kuɗin ƙasa na shekara-shekara, da harajin gida na Asambili, da kuɗin hidimar estet na masu gadi, shara da fitilun layi. Wannan na ƙarshen ka tambayi nawa ne, wa ke da ikon ƙara shi, kuma da wane kuɗi ake biya. Ka lissafa har da man mota da lokacin da za ka riƙa ci daga Oyibi zuwa Abossey Okai kullum ta Adenta da Madina, da nisan masallacin Juma'a da makarantar allo ta yara. Mu mutanen Zango mun saba da buɗe ƙofa mu ga jama'a, kuma na ga waɗanda suka tare a estet suka dawo haya bayan shekara guda saboda kaɗaici ya ishi iyali.

Ba ka ambaci banki ba, kuma na ji daɗi. Bankuna irin su Republic da Stanbic suna ba da bashin sayen gida, amma an yi shekaru da yawa kuɗin ruwan bashin sidi yana sama da kashi 20 cikin 100, wanda a shekara 15 yake ninka kuɗin gidan fiye da sau biyu. Hukuncin riba kuwa na malamai ne, ni injiniya ne, ka kai wa malaminka takardar ya gani. Haka tsarin biya kaɗan-kaɗan na kamfanin, a duba ko akwai ƙarin da ake ɗorawa idan an makara.

Ni ban ga wannan fili ba, ban ga takardunsa ba, kuma fassarar yarjejeniya aikin lauya ne. Abin da zan ce ka yi a wannan mako shi ne ka koma ofishinsu ba tare da ko sidi ɗaya ba, ka nemi kwafin indenca, taswirar fili, famit, da daftarin yarjejeniyar da za ka sa wa hannu. Ka kai wa lauya, ka tura wa Yaya hotonsu ta WhatsApp shi ma ya karanta. Idan an yi ruwa kafin Asabar, ka ɗauki uwargida ku je Oyibi da sassafe, ku tsaya a kan fulotin da aka sa wa lambar, ku ga inda ruwan ya kwana.